Kama da Wane ba Wane ba ne: Matsalar Bayyana Shauƙi da Surorin Kwamfuta a Fim da Darasinta ga Fina-finan Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dalilan da suke sa surorin mutane da ake ƙerawa da kwamfuta, waɗanda ake so su yi kama da ɗan Adam sak, suke kasa isar da shauƙin soyayya zuwa zuciyar mai kallon fim. An waiwayi ra'in Masahiro Mori na shekarar 1970, aka auna shi da wasu fitattun fina-finan ƙasashen waje, sannan aka kwatanta sakamakon da yadda Bahaushe yake nuna shauƙi a wurin zance, kamar yadda aka saba yin sa a Dogon Daji da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal ta Jihar Sakkwato, da kuma a fina-finan Kannywood. Maƙalar ta gano cewa shauƙin Bahaushe yana zaune ne a cikin ƙananan alamomin kunya, waɗanda su ne mafi wuyar kwaikwayo ga kwamfuta. Haka kuma ta gano cewa duk surar da ta yi nasarar kama da mutum za ta gamu da hukuncin da al'umma take yi wa mutum. Saboda haka aka ba da shawarar bin tafarkin zane mai salon kansa, irin na Moustapha Alassane, tare da dogaro da murya da waƙa.

Fitilun Kalmomi: shauƙi, kunya, surar kwamfuta, kwarin tsarguwa, Kannywood, zance

1.0 Gabatarwa

A Dogon Daji, kamar sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, yawancin kallon fim a yau a wayar hannu ake yin sa. Matashi yakan miƙa wayarsa ga mai tura fina-finai a zuba masa na Kannywood da na Indiya da aka fassara da Hausa, ko kuma ya sauke su daga intanet da kansa. A 'yan shekarun nan wani sabon nau'i ya shigo cikin abin kallon, wato gajerun bidiyoyi da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira ana ɗorawa a TikTok da Facebook. A cikinsu akan ga saurayi da budurwa da suturar Hausawa suna magana da Hausa, alhali babu wani mai rai da ya tsaya gaban kyamara.

Wannan ci gaba ya haifar da tambayar da ta cancanci manazarta Hausa su tsaya a kanta. Sanannen abu ne cewa ƙa'idojin fim ɗin Hausa sun hana namiji da mace su taɓa juna, ko da kuwa miji da mata suka fito a cikin labarin. To, idan kwamfuta ce ta ƙera jarumin da jarumar, babu jikin da ya taɓa wani jiki, shin mai shirya fim ya sami mafita ke nan? Maƙalar tana ganin cewa bai samu ba, kuma dalilan hakan sun kasu gida biyu: na fasaha da na al'ada. Fayyace su yana da amfani ga matasan da suke shirin zuba ɗan jarinsu a wannan fage, da kuma hukumomin da za su tace abin da za a samar.

2.0 Fashin Baƙin Kalmomi

Hausa ta bambanta shauƙi da sha'awa da batsa. Batsa ita ce fito da al'amarin jima'i a fili ta hanyar furuci ko hoto, kuma al'ada da addini sun yi tir da ita. Sha'awa ita ce karkatar jiki da rai zuwa ga wani abu. Shauƙi kuwa shi ne ɗokin da yake taso wa masoyi idan ya ga abin ƙaunarsa ko ya ji muryarsa ko ya tuna da shi, har alamar hakan ta bayyana a jikinsa ba da son ransa ba. Shauƙi ne abin nazari a nan, domin shi ne fim ɗin soyayya yake nema ya sa mai kallo ya ji.

Surar kwamfuta, a wannan maƙala, tana nufin mutumin da aka gina shi a cikin kwamfuta, aka yi masa fata da gashi da ido da sutura, aka motsa shi, da nufin mai kallo ya ɗauke shi tamkar wanda kyamara ta ɗauka. Ta bambanta da katun, wanda tun farko bai yi iƙirarin kama da mutum sak ba. Hanyar da aka fi bi wajen motsa irin wannan sura ita ce naɗar motsi: ɗan wasa ya sanya riga mai ɗigo-ɗigo, kyamarori su bi ɗigon, kwamfuta ta ɗora motsin a kan surar.

3.0 Ra'in Kwarin Tsarguwa

A shekarar 1970 Masahiro Mori, malamin fasahar mutum-mutumi a Cibiyar Fasaha ta Tokyo da ke Japan, ya buga wata gajeriyar maƙala a mujallar Energy. Ya yi hasashen cewa ƙaunar da mutum yake yi wa abin da aka ƙera tana ƙaruwa gwargwadon yadda abin yake ƙara kama da mutum, har sai an zo gab da cikakkiyar kama. A nan sai ƙaunar ta faɗi ƙasa warwas, tsarguwa ta maye gurbinta. Wannan faɗuwa ce ya kira kwari, kuma a ƙasan kwarin ya ajiye gawa. Misalin da ya bayar shi ne hannun roba da ake sanya wa wanda ya rasa hannu. Daga nesa ba a bambanta shi da na gaske, amma da an miƙa hannu an gaisa, aka ji sanyinsa da rashin ƙashi a cikinsa, sai tsigar jiki ta tashi. Ya ƙara da cewa motsi yana zurfafa kwarin, sannan ya shawarci masu ƙira da su tsaya a tudun farko, kada su yi kwaɗayin tsallakawa.

Tunanin Bahaushe ya daɗe da sanin wannan kwari, ko da bai raɗa masa suna ba. Labaran gamo da ake bayarwa a ƙasar Hausa sukan kawo kyakkyawar mace da matafiyi ya haɗu da ita da dare, komai nata na mutane ne, sai da ya dubi ƙasa ya ga kofato. Da jaki ne ya gani ba zai firgita ba. Abin da ya kaɗa masa hanji shi ne ƙaramin saɓani a cikin cikakkiyar kama. Haka nan a tatsuniyar Gizo da budurwar danƙo, wadda take cikin waɗanda A. J. N. Tremearne ya buga a 1913, an ƙera mace da danƙo aka kafa ta domin a kama ɓarawo. Kyawunta ya jawo Gizo, amma ba ta amsa masa ba, kuma taɓa ta da ya yi ne ya zama ajalin wayonsa. Siffa ta isa ta jawo ido daga nesa. Wurin amsawa da wurin taɓawa ne asirin abin da aka ƙera yake tonuwa, kuma a waɗannan wurare biyu ne shauƙi yake rayuwa.

4.0 Gwajin da Manyan Fina-finai Suka Yi

Gwaji na farko mai girma shi ne Final Fantasy: The Spirits Within, wanda Hironobu Sakaguchi ya ba da umarni, kamfanin Square Pictures ya shirya a Honolulu, ya fito a 2001. An kashe kimanin dala miliyan 137, aka samu kimanin miliyan 85 a gidajen kallo. Jarumar fim ɗin, Aki Ross, an yi mata silin gashi kusan 60,000, kowanne kwamfuta tana lissafa motsinsa. Masu fim ɗin sun yi burin ta zama 'yar wasan da za ta riƙa fitowa a wasu fina-finai, har mujallar Maxim ta sanya hotonta cikin jerin kyawawan mata na wannan shekara. A hoto marar motsi ta burge jama'a. Amma a cikin fim, inda aka so a nuna tsohuwar soyayya tana farfaɗowa tsakaninta da Kyaftin Gray Edwards, masu sharhi da dama sun koka da sandarewar fuska da rashin rai a ido. Asarar da aka tafka ta kai ga rufe Square Pictures.

Robert Zemeckis ya ɗauki hanyar naɗar motsi a The Polar Express (2004), inda aka fi yawan kuka da idanun yaran cikinsa. A Beowulf (2007) ya tunkari sha'awa kai tsaye. An ƙera surar Angelina Jolie a matsayin uwar dodo Grendel, tana fitowa daga ruwa jikinta lulluɓe da ruwan zinari, domin ta yaudari jarumin. Abin lura shi ne wannan fitowa ta fi sauran karɓuwa, kuma dalilin yana cikin labarin: ita aljana ce, saboda haka tsarguwar da mai kallo yake ji ta dace da matsayinta. Tsakanin jarumin da matarsa sarauniya kuwa, inda ake bukatar ƙauna irin ta mutane, fim ɗin bai yi zafi ba.

James Cameron ya kauce wa kwarin a Avatar (2009) ta hanyar nesanta surorinsa daga siffar ɗan Adam. Mutanen Na'vi shuɗaye ne, tsawonsu ya kai kimanin mita uku, suna da wutsiya da manyan idanu. An kuma ɗaura wa kowane ɗan wasa ƙaramar kyamara a gaban fuskarsa domin a naɗi motsin leɓe da na ido. Soyayyar Jake da Neytiri ta karɓu, amma mai kallo ba shi da wata mace shuɗiya da ya sani da zai gwada Neytiri da ita. Fim ɗin WALL-E (2008) na kamfanin Pixar ya fi wannan nisa. Masoyan cikinsa injina ne guda biyu, kusan babu magana a tsakaninsu, kuma babban burin ɗayansu shi ne ya riƙe hannun ɗayar. Duk da haka yana cikin labaran soyayya da aka fi yabawa a tarihin zane mai motsi. Darasin waɗannan fina-finai a dunƙule shi ne: yayin da sura ta nesanta daga mutum, mai kallo yana cike giɓin da zuciyarsa, yayin da ta matso gab da mutum, sai ya koma mai binciken aibi.

5.0 Wuraren da Kwamfuta Take Tuntuɓe

5.1 Fata

Haske ba ya tsayawa a saman fatar mai rai. Wani ɓangarensa yana ratsawa ciki, ya warwatsu, ya fito ta wani wuri, shi ya sa kunnen da rana ta haska ta bayansa yake yin ja. Surorin farko ba su da wannan, sai suka yi kama da roba ko kakin zuma. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa suka fitar da hanyar lissafa wannan ratsawa, kuma ta inganta aikin ƙwarai. Sai dai Theodore Kim na Jami'ar Yale, wanda ya taɓa aiki a Pixar, ya nuna a wani rubutu da ya yi a mujallar Scientific American a 2020 cewa an gina waɗannan dabaru ne a kan farar fata da miƙaƙƙen gashi. Baƙar fata ta fi dogara da ƙyallin da yake tashi daga samanta. Wannan batu ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin mai son ƙera budurwa wankan tarwaɗa ko baƙa mai sheƙi, da kitso da lalle, zai tarar kayan aikin ba don ita aka fara yin su ba.

5.2 Ido da Fuska

Bahaushe yana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Tun 1862 likitan Faransa Duchenne ya nuna cewa murmushin gaskiya yana haɗawa da tsokar da ta kewaye ido, wadda mafi yawan mutane ba sa iya sarrafa ta yadda suka ga dama. Paul Ekman da Wallace Friesen sun tsara motsin fuska dalla-dalla a 1978, kuma masu ƙera surori suna amfani da tsarinsu har yau. Amma sanin jerin tsokoki bai wadatar ba. Idon mai rai ba ya tsayawa cik, yana zillo kusan sau uku a daƙiƙa guda. Ƙofar hasken da ke tsakiyarsa tana buɗewa idan rai ya motsa. Ƙiftawa tana da lokacinta, danshi yana da gwargwadonsa. Ɗan Adam ya fara karatun fuska tun yana goye, saboda haka kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba ma yana ganin sa, ko da ya kasa faɗin mene ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

5.3 Taɓawa

A cikin kwamfuta sura ɓawo ce marar nauyi. Idan surori biyu suka haɗu, ɗaya tana iya shigewa cikin ɗaya kamar hayaƙi, sai an umarci na'ura ta hana. Idan yatsa ya sauka a kan kafaɗa, dole naman ya lotsa, tufa ta tattare, ɗaya jikin ya amsa da nasa motsin. A wurin naɗar motsi ma, da 'yan wasa biyu sun matso kusa sai jikin ɗaya ya rufe ɗigon da ke jikin ɗaya, kyamarori su rasa abin bi, masu zane su koma gyarawa da hannu. Ke nan runguma da sumba, waɗanda fim ɗin Yamma ya dogara da su wajen nuna shauƙi, sun faɗo daidai wurin da kwamfuta ta fi rauni.

6.0 Shauƙi a Al'adar Bahaushe

6.1 Wurin Zance

Za a iya zaton cewa tunda al'adar Bahaushe ba ta dogara da taɓawa ba, aikin kwamfuta zai yi sauƙi. Duba yadda zance yake gudana zai nuna akasin haka. A tsarin da aka saba a Dogon Daji da makwabtanta, saurayi yakan zo ƙofar gidan su yarinya da yamma ko bayan sallar isha'i, sau da yawa tare da abokinsa. Ya aika yaro ya yi sallama da ita. Ba ta fitowa nan take, kuma jinkirin kansa saƙo ne. Idan ta fito, ta yafa mayafi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna ko ta tsaya nesa kaɗan, kanta a sunkuye. Daga nan mafi yawan abin da yake gudana ba a baki yake ba. Tana wasa da gefen mayafi ko da zoben hannunta. Ta saci kallo, idanu su haɗu, ta yi sauri ta kawar. Dariya ta zo mata, ta rufe baki. Ta ƙi kiran sunansa. Ya yi tambaya, ta yi shiru, shi kuma ya fahimci irin shirun.

A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na Mutumin Kirki (1974), ya lissafa kunya cikin siffofin da Bahaushe yake auna nagarta da su. A wurin zance kunya ita ce harshen da shauƙi yake magana da shi. Ƙarfi biyu ne suke kokawa a jiki ɗaya, son a duba da hana kai dubawa, kuma abin da saurayi yake karantawa shi ne ɗan abin da ya kuɓuce daga wannan kokawa. Mai ƙera sura dole ya gina ji, ya gina ɓoye jin, sannan ya gina yoyon da yake tona ɓoyon, duka a kan fatar ido da kusurwar leɓe da numfashi. Idan ya gaza, sunkuyar da kai za ta zama kamar ta abin da batirinsa ya ƙare, satar kallo kuma ta zama harara ko zare ido.

6.2 Fim ɗin Hausa

Masana'antar fim ta gaji wannan harshe ta ƙara masa wani. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 a mujallar Africa, ya bayyana yadda Hausawa suka rungumi fina-finan Indiya, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigowa da su tun shekarun 1950. Waɗannan fina-finai sun daɗe suna kauce wa sumba, suna zuba shauƙi a cikin waƙa da rawa. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa (1990), salon ya yi ta ƙarfi har ya kafu da Sangaya (1999), inda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a shekarar 2000 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001. Tsananin iyakar ya fito fili a watan Oktoba na 2016, lokacin da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar da ta bayyana a bidiyon wata waƙa da ta yi da mawaƙi ClassiQ.

A ƙarƙashin wannan iyaka masu shirya fim suka ƙware wajen amfani da tazara, da kusanto da kyamara ga fuska, da kalaman soyayya, da waƙa. Akwai wani abu a nan da ya kamata a lura da shi: muryar da ake ji a waƙar fim ba ta jarumin ba ce. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Fati Nijar ne suke rerawa, jarumai su bi da baki. Haka nan mai kallon fassarar Indiya-Hausa ya saba jin muryar Bakano tana fita daga bakin Ba'indiye. Ke nan Bahaushe ya riga ya yarda a raba murya da jiki, kuma wannan yarda jari ce ga mai zane, domin murya tana shiga zane da dukkan ɗuminta, ba ta bi ta kwarin tsarguwa.

7.0 Shin Surar Kwamfuta Mafita ce?

Mai ganin surar kwamfuta za ta buɗe ƙofar da aka rufe yana ɗauka cewa abin da al'umma take tsaro shi ne jikin 'yan wasa kawai. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, alhali babu jiki ko ɗaya a cikinsu sai tawada da takarda. Abin da ake tsaro shi ne abin da ake tayarwa a zuciyar mai karatu ko mai kallo, da kuma hoton 'ya mace Bahaushiya Musulma da ake nuna wa duniya. Surar da ta sa mayafi ta yi Hausa za ta ɗauki wannan nauyi, ko da ba uwa ce ta haife ta ba.

Ana iya cewa fasaha tana gaba, kuma abin da ya gagara a 2001 yana iya yiwuwa gobe. Wannan gaskiya ne, sai dai yana jefa mai shirya fim ne tsakanin gaba kura baya sigaki. Idan surar ta gaza kama da mutum, babu shauƙi sai tsarguwa. Idan ta yi nasara har ba a bambanta ta da mutum, to za a yi mata hukuncin mutum, kuma babu abin da aka tsira da shi. Akwai ma ƙarin haɗari, domin surar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa tana iya ɗaukar kamannin wata jaruma ko wata 'yar mutane, a nuna ta tana aikata abin da ba ta aikata ba. Batun kwafar kamannin 'yan wasa yana cikin manyan dalilan yajin aikin da ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta yi a 2023. A ƙasar da mutuncin mace da aurenta suke iya rushewa saboda bidiyo guda, lamarin ya fi haka nauyi.

8.0 Tafarkin Moustapha Alassane

Misalin da ya dace a duba yana nan kusa, a ƙetaren iyaka. Moustapha Alassane (1942 zuwa 2015) ɗan Jamhuriyar Nijar ne, yana cikin magabatan zane mai motsi a Afirka. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya ƙaro sani a Kanada wurin Norman McLaren, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana aikinsa a Tawa. A Bon Voyage Sim (1966) kwaɗi ya zana ya yi wa shugabannin siyasa zambo da su. A Samba le Grand (1977) 'yan tsana ya yi amfani da su wajen ba da labarin jarumin da kyawun wata gimbiya ya ɗauke masa hankali, ta gindaya masa sharuɗɗa kafin ta yarda da aurensa. Bai nemi su yi kama da mutane ba, kuma kayan aikinsa ba su fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba.

Wannan tafarki yana da tushe a gida. 'Yan mata a ƙasar Hausa sun daɗe suna yin 'yar tsana da kara ko ƙashi, su yi mata kitso da zane, su yi mata biki da kayan ɗaki, ba tare da rashin cikakkiyar fuska ya rage musu komai ba. Ta fuskar fiƙihu ma, mazhabar Malikiyya da ake bi a Sakkwato ta fi tsanantawa a kan cikakken mutum-mutumi mai inuwa fiye da zane a shimfiɗe, kuma ta yi rangwame ga 'yar tsanar yara. A matakin ƙasa, Malika: Warrior Queen (2019) na Roye Okupe, wanda ya tsamo jarumarsa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, da Lady Buckit and the Motley Mopsters (2020), duk salon katun suka bi.

Bisa wannan, maƙalar tana ba da shawarwari kamar haka. Masu sha'awar wannan fage su zaɓi salon zane da ya fito fili a matsayin zane, su bar gasar kama da mutum ga masu miliyoyin daloli. Su zuba ƙarfinsu a kan murya da kalami da waƙa, da kuma alamomin da zane yake iya ƙara musu girma ba tare da sun lalace ba, irin su motsin mayafi da jinkirin fitowa da tazarar da ke tsakanin masoya a kan tabarma. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero, su ƙarfafa binciken da zai taskace harshen jiki na zance a yankuna daban-daban kafin hirar waya ta shafe shi. Hukumomin tace fina-finai kuma su tanadi ƙa'ida bayyananna game da amfani da kamannin mutum ba da izininsa ba.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa wahalar bayyana shauƙi da surorin kwamfuta ta samo asali ne daga fata da ido da taɓawa, kuma fina-finan da suka yi nasara su ne waɗanda suka ja da baya daga cikakkiyar kama. Ta kuma nuna cewa hana taɓawa a fim ɗin Hausa bai sauƙaƙa wa kwamfuta aiki ba, domin ya mayar da nauyin gaba ɗaya kan alamomin kunya, waɗanda suka fi runguma wuyar kwaikwayo. Surar da ta gaza ba za ta motsa zuciyar matashin Dogon Daji da ya san zance ba, wadda ta yi nasara kuwa za ta tsaya gaban hukuncin da aka yi wa 'yan wasa masu rai. Abin da ya rage ga masu zane na ƙasar Hausa shi ne su nazarci yadda al'adarsu take faɗin so ba tare da ta furta shi ba, su samar masa da salon zane da zai iya ɗaukarsa.